Hannun Anton Prochaska

Shekara ashirin da biyu Wendell Prochaska ya yi yana farautar ƙwallayen wasan besbol masu sa hannun 'yan ƙungiyar sojojin ruwa da mahaifinsa ya buga wa wasa a Hawaii a 1944, uku kacal ya samu. A jikin kowace, cikin sunayen 'yan wasa goma sha tara, akwai sunan Anton Prochaska. Sai dai rubutun ba iri ɗaya ba ne. Na farko a tsaye yake ƙyam, na biyu ya kwanta kamar ciyawar da iska ta bi ta kai, na uku kuwa haruffansa ƙanana ne, a cunkushe.

Wendell bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Jirgin Anton ya nutse saura wata uku a haife shi, wasiƙu biyun da suka iso wa uwarsa kuma da tafireta aka buga su. Abin da yake nema duk tsawon shekarun nan bai wuce wuri ɗaya da zai ce nan hannun babansa ya taɓa ba. Ya kai wa wani masani ƙwallayen a Cleveland, mutumin ya duba da gilashi ya ce kowane sa hannu zai iya zama na gaske, zai kuma yiwu babu na gaske. Matarsa Maureen kan zolaye shi cewa ko dai ubanni uku gare shi ba a faɗa masa ba. Yakan yi dariya, amma abin na cin sa.

Da ya ji labarin saura ɗan wasa ɗaya da rai, Virgil Stroud, a wani gidan kula da tsofaffi a Indiana, ran Asabar da sassafe ya ɗauki ƙwallayen uku ya kama hanya.

Ya tarar da tsohon a bakin taga, bargo a gwiwa, yana faɗa da kwanon fate. Virgil ya ƙare masa kallo ya ce kunnuwan Anton ne sak, Allah sarki, ba a yi wa yaron adalci ba. Sannan ya karɓi ƙwallon farko ya kai ta dab da hancinsa.

"Wannan ni na rubuta."

Wendell ya ce ba sunan Virgil yake nufi ba, na mahaifinsa.

"Na ji ka, yaro, kunnena bai mutu ba tukuna. Sunan ubanka ni na rubuta. Wannan ta biyun kuma abokin wasanmu Dombrowski ne, bahago, dubi yadda ya kwantar da shi kamar mashayi. Ta ukun hannun kocinmu ne."

Kan Wendell ya ɗaure. Ya tambaya ko ranar babansa ba ya nan ne, ko rauni ya ji, ko kuwa ma ba ya cikin ƙungiyar. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce Anton ne mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, in ba shi, ba wasa. Rubutu ne kawai bai iya ba, daga gonar masara aka ɗauko shi. Ƙungiya ta rufa masa asiri: in ƙwallo ta zagayo benci don sa hannu, duk wanda ke kusa da shi sai ya rubuta masa. Shi kuma Anton sai ya jiƙa babban yatsansa da ruwan tabar da yake taunawa, ya dangwala a gefen sunan.

Virgil ya shiga juya ƙwallon farko a hannunsa, ya juya ta biyun, ya ɗago.

"Ina tabon?"

Wata ranar Lahadi ce ta faɗo wa Wendell a rai, shi da auduga da magogin fensir a teburin kicin, yana goge wani datti mai ruwan ƙasa a jikin ƙwallon farko a hankali, cikin ƙauna, don kada ya ɓata sunan babansa. Haka ya yi wa ta biyun ma, shekara tara tsakani. Har Maureen ya kira ta zo ta ga yadda fatar ta yi fes.

"Baba, na goge," ya ce.

Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauki ta ukun. Wannan Maureen ce ta tsinto ta a kasuwar gwanjo, Wendell bai taɓa yarda da ita ba, shi ya sa bai ɓata lokacin tsabtace ta ba. Duk jikinta tabo ne. Virgil ya nuna ɗaya, ya fasa, ya nuna wani, ya ce a'a, wannan kamar kofi ne. Zuciyar Wendell na bin yatsan tsohon duk inda ya nufa. Can Virgil ya tsaya a kan wani ɗan tabo a ƙarƙashin ɗinki, wanda ya karkace gefe guda. Ya ce ƙwallo ta taɓa karya wa Anton yatsa, ya warke a karkace, don haka in dai ba idonsa ke yaudararsa ba, wannan ne.

Wendell ya tambaye shi ko ya tabbata. Virgil ya ce shekarunsa tamanin da biyu, ko abin da ya ci jiya bai tabbata ba.

Wendell ya karɓi ƙwallon da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya karkatar da babban yatsansa ya ɗora a kai, a hankali, bai danna ba.