Jan Maɓallin da Aka Cire

'Ya'yana mata biyu shagon wanki da guga suke da shi. Babbar ce ke tsaye a kan injuna, ita kuwa Auta tana gaban kwamfuta, tana karɓar kaya. Manhajar da suke aiki da ita tana da gurbi biyu, na suna da na laƙabi. Da yake sunaye sukan zo iri ɗaya, sai yaran nan suka riƙa rubuta abin da suke kiran mutum a bayan idonsa. Akwai Mai Turare, akwai Sai Gobe. Surukar Auta kuwa, uwar mijinta, Rediyo Mai Jini suka sa mata. Allah ya shirye su.

To, ranar nan da safe manhaja ta wayi gari da sabuwar fuska. Allo fari fat, duk rubutun maɓallai an kwashe, sai 'yan zane-zane kamar sawun kaza. Auta ta tura wa masu kaya saƙon su zo su karɓa, ta danna inda yatsarta ta saba. Sai da saƙo ya fara tafiya ta ga farkonsa: “Barka da war haka, Mai Turare.”

“Yaya! Da laƙabi yake aikawa!”

Yayar ta taho hannu duk kumfa. “Tsayar da shi mana!”

“Da me? Jan maɓallin nan na tsayarwa babu shi!”

A ƙasan allo wani siririn layi yana ta cika. Sunaye na wucewa bi da bi, na surukar yana can ƙasa, yana matsowa. Auta ta taɓa ɗigo uku, aka nuna mata launuka. Ta taɓa hoton ƙararrawa, aka tambaye ta ko tana jin daɗin sabon tsarin.

Ana haka sai ga sallama. Surukar ce, ta zo karɓar labulenta. Ta ɗora jaka da waya a kan tebur, ta hau ba da labarin maƙwabciyarta.

“Sannu da zuwa, Mama,” in ji Auta.

Yayar ta sunkuya ta fizge wayar wutar kwamfutar. Allo ya mutu. Suka kalli juna. Ashe saƙon ya riga ya bar hannunsu.

Wayar surukar da ke kan tebur ta yi ƙara.

Surukar ta ɗauka, ta kai nesa, ta kawo kusa. “Na baro tabarau a gida. Karanta min, 'yata.”

Auta ta karɓa. Ta san ko ta tsallake sunan, da yamma mijinta ne zai karanta wa uwarsa. Ta karanta shi kaf, kanta a ƙasa.

Surukar ta daɗe tana kallonta. Can ta jawo kujera ta zauna, ta gyara mayafi.

“Rediyo, ko? Za mu yi wannan maganar a gida.” Ta matso da kujerar. “Ita kuma matar mai kantin magani, me kuka sa mata?”

Kafin Auta ta buɗe baki, wayar shago ta fara ruri.