Mutum Nawa Ne a Gidanku?

Zinariya na cikin tsince shinkafa sai ta ji Afnan, 'yarta mai shekara shida, tana ƙirga wani abu da yatsu cikin yaren nan mai hawa da sauka kamar waƙa.

"Ke, me kike ƙirgawa?"

Afnan ta amsa da Larabci kamar kullum. "Lawshi ce ta tambaye mu jiya mutum nawa ne a gidanmu. Baba, Mama, ni, Haisam, da Hala Aminat."

Zinariya ta ajiye tiren a hankali.

Lawshi, wato malama da Sinanci, ita ce Sharifa, Basiniya Musulma da ke hawa na uku a gidan hayarsu na unguwar Sultana. Mijinta dardumar salla yake kai wa shagunan kusa da Harami. Wata biyu ke nan tana tara yaran gidan bayan la'asar tana koya musu yarenta, ko riyal ɗaya ba ta karɓa. Haladu, mijin Zinariya, cewa ya yi a bar su, zai yi musu amfani nan gaba. Ita kuwa Zinariya kyautar ce ba ta kwanta mata ba. Makon jiya an tambaye su sunan baba da aikinsa. Kafin nan, daga wace ƙasa suka zo. Yanzu kuma an shigo cikin gida.

Aminat ƙanwarta ce, ita yaran ke kira Hala, wato inna da Larabci. Wata bakwai ke nan da mutuwar iƙamarta, takardar izinin zama a ƙasar, ko taga ba ta leƙawa. Kwanan nan aka zo aka tafi da wata 'yar Chadi daga gidan da ke kallonsu, kuma kowa ya ce rahoto aka kai.

"Yaya, ki hana su zuwa kawai," in ji Aminat daga bakin ɗaki.

"In hana su yau, ta gane muna ɓoye wani abu?"

Da la'asar Zinariya ta zuba dabino a faranti, ta bi yaran sama. Sharifa ta tarbe ta da fara'a, ta ba ta kujera da shayi. Zinariya ba ta sha ba. Idonta na yawo: katunan rubutu a bango, yara takwas a kan kafet, waya a kife a kan tebur. Me ya sa a kife?

Aka fara bita. Sharifa na bin yaran ɗaya bayan ɗaya da tambayar jiya. Da ta iso kan Afnan, yarinyar ta buɗe hannunta gaba ɗaya. Sharifa ta yi dariya, ta kama babban yatsan ta lanƙwashe, ta faɗi wata gajeriyar kalma. Ta sa Afnan ta maimaita har sau uku.

Da yara suka watse, ta tare Zinariya a ƙofa, ta yi ƙasa da murya cikin Larabcinta mai karyewa.

"Jiya Afnan ta ce biyar. Gaban yara duka. Yara suna kai magana gida."

"Baƙuwa ce. Umara ta zo."

"Na'am, na'am." Sharifa ta gyaɗa kai da sauri. "Na ce musu ta yi kuskure. Huɗu ne. Yanzu ta iya."

Zinariya ta tsaya tana kallon fuskarta. Taimako ne wannan, ko ana nuna mata an sani? Fuskar ba ta faɗa mata komai ba. Ta yi godiya, ta riƙo hannun yaran.

A kan matakala Afnan ta tsaya cak tana duba yatsunta huɗu. Sai ta ɗago kai, ta yi magana da Hausa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Mama, to wa aka cire?"

Zinariya ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Babu kowa a matakalar.

"Ni," ta ce. "Mu je."