Rufin da Tela Ya Ɗinka

Tun ranar da aka rushe layin shagunan bakin titi, keken ɗinkin Baba Tela yake zaune a falon 'yarsa, tsakanin firji da doguwar kujera, an lulluɓe shi da tsohon zanin gado. Shi ma mai keken haka yake zaune a gidan, sai dai shi ba a lulluɓe shi ba. Matarsa ta rasu, shagon ya tafi, ɗan ɗakin da yake kwana a bayan shagon ya bi shi, sai 'yar tasa Auta ta zo da mijinta, direban babbar mota, suka kwaso shi da komatsansa. Ba wanda ya taɓa gaya masa baƙar magana a gidan, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da safe a kawo shayi, da rana a kawo abinci, in ya miƙa hannu zai ɗauki tsintsiya Auta ta ce, "Haba Baba, ka huta mana." Duk duniya ba kalmar da ya tsana kamar wannan.

Keken ba ya takuwa a falo. In Direba ya dawo daga tafiya wuni yake yana barci, ga ƙara, ga zare da fil a kan tayil. Yanzu kuma cikin Auta ya tsufa, gadon jariri na neman wuri.

Direba ne ya kawo maganar, yana ta sosa ƙeya. "Baba, ba wai wani abu ba ne. In yaro ya zo ya fara rarrafe, ga allura a ƙasa. Na ce ko a ba wa masu koyon sana'a keken, su amfana."

Baba Tela ya tashi ya buɗe ƙofar baya, ya nuna siton da ke can ƙarshen gida, bayan igiyar shanya. Ɗan ɗakin katako ne jingine da katanga, cike da tsoffin tayoyi da jarkoki da wata karyayyar fanka. Rufinsa kusan a kwance yake, in ka ajiye lemo a kai sai ya yi shawara kafin ya gangara. Tsohuwar ledar da aka rufa masa duk ta ruɓe.

"Ba ni wancan," in ji shi.

"Yoyo yake, Baba. Kwando ma ya fi shi riƙe ruwa. Amma in dai za a iya hana shi yoyo, naka ne. Bari in kira kafintan maƙwabta."

"Ba ka kiran kowa. Ni zan yi."

A ransa ya riga ya gama tsara komai. Idan siton ya bushe, keke ya samu ɗaki, shi kuma ya samu sana'a, ko da rage wando ne da sa zif. Idan bai bushe ba, keke ya tafi, shi kuma ya zama tsohon da ake ciyarwa ana jiran ranarsa.

Direba ya kai shi shagon kayan gini, ya sayo masa ledar rufi naɗi biyu, da ƙusoshi masu faɗin kai, da gwangwanin kwalta. Baƙar leda ce mai kauri, an barbaɗa mata tsakuwa a fuska ɗaya, a naɗe kamar bandir. Baba Tela ya murza bakinta tsakanin yatsu, ya shinshina, ya taɓe baki. Mai shagon yana ta bayani: a fara daga ƙasa a yi sama, na sama ya hau kan na ƙasa, a bar haɗin da faɗi sosai, ya fi tafin hannu, tunda rufin ba gangare. A buga ƙusa inda falle na gaba zai rufe ta, a shafe da kwalta kada a yi rowa.

"Na ji," in ji Baba Tela. A zuci kuwa cewa ya yi, wannan da ko maɓalli bai iya sawa ba shi zai koya mini haɗa falle biyu?

Washegari ya hau tsani da tef a wuya, alli a kunne, babban almakashinsa a aljihu. Auta na ƙasa da hannu a ƙugu tana ta "Baba a hankali," har ta gaji ta koma ciki. Ya ɓamɓare tsohuwar ledar, ya share katakon tas, ya auna ya sake aunawa. Maganar farawa daga ƙasa ya yarda da ita, wannan ko a ɗinki haka ne, akwai abin da ke hawa kan wani. Amma haɗi mai faɗin tafin hannu? Ɓarna ce tsagwaronta. Shi fa duk layin shagunan nan an san shi da abu ɗaya: ba ya cin yadin mutane. A kawo masa yadi, ya fitar da riga da wando, ya naɗe saura ya miƙa wa mai shi. Wasu teloli har haushinsa suke ji don yana tona musu asiri. Sai ya bar haɗin faɗin yatsa biyu, daidai abin da yake bari a kafaɗar riga.

Kwaltar ma ya ɗan lakata a wuri ɗaya, ta ɓata masa yatsu, ya rufe gwangwanin ya ture gefe. A ganinsa manne aikin wanda bai iya ɗinki ba ne. Ya ja layi da alli a kan kowane haɗi, ya jera ƙusoshi daga sama, kusa da kusa, tazara ɗaya, ba wadda ta kauce. Ƙusar da za a ɓoye a ƙarƙashi, wa zai ga kyanta? Rabon da ya ji daɗin jikinsa haka tun kafin a zo da motar rusau. Har waƙa ya kama kansa yana yi.

Kafinta, sa'ansa ne kuma abokin tsokanarsa, ya leƙo ta kan katanga. "Kai tsohon nan, me nake gani haka? Rufi kake yi ko kalmasa?"

"Aikin da ba ka iya ba nake yi."

"Ƙusoshin nan sun yi yawa, kuma duk a waje suke. Kowace ɗaya fa ƙofa ce ka buɗe wa ruwa. Rufin nan a kwance yake, ruwa zama zai yi a kai yana neman hanya. Ina kwaltar?"

"Je ka gyara ƙofar gidanka tukuna, shekara nawa ana tokare ta da dutse?"

Kafinta ya yi dariya ya ɗaga hannu. "Allah ya ba da sa'a, sarkin taurin kai."

Da yamma Baba Tela ya sauko, ya naɗe ragowar ledar, fiye da rabin naɗi, ya ɗaure ta da ƙyalle, ya kai wa Direba da hannu biyu. "Ga sauran kayanka, ɗana. Ban ɓata ko taƙi ba." Direba ya karɓa yana godiya. Shi abin da ya sani mota ne, da ya ɗaga kai ya ga layukan ƙusoshi suna ƙyalli a miƙe, sai ya ce kai, Baba, wannan ai ko kamfani sai haka.

Aka kwashe tayoyi, aka shigo da keke. Baba Tela ya ajiye shi a tsakiya inda hasken ƙofa ke faɗowa, ya kafa ƙusa ya rataye tef, ya jera zare a kan kanta. Da ya ɗora ƙafa ya taka, ƙarar ta cika siton, sai da ya tsaya ya share ido. Maƙwabciya ta kawo siket a rage mata, wani ya kawo wando. Shi kuma ya yanka 'yan riguna na jariri daga farin yadi mai laushi, ya jera su a kan teburin keken. A 'yan kwanakin nan ko sau ɗaya Auta ba ta ce masa ya huta ba.

Naƙuda ta zo da rana tsaka, Direba yana kan hanya a wani gari. Baba Tela ya ja zanin gado ya lulluɓe keken da rigunan, ya rufe sito, ya tare mota. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi wa Auta aiki, jaririn kuma aka sa shi a kwalba. Baba Tela ya tare a barandar asibiti, shi ne sayo magani, shi ne kai kwano. A nan ruwa ya same shi. Ba irin mai iska da tsawa ba, irin mai naci, ya yi kamar zai ɗauke ya dawo, yau da gobe da jibi. Yana zaune a benci yana kallon yadda yake zuba daga indararo, in zuciyarsa ta je sito sai ya ce mata ta kwantar da hankali, ɗinkinsa bai taɓa farkewa a jikin kowa ba.

Ranar da aka sallame su, bai ko shiga falo ba ya wuce baya. Warin danshi ne ya fara tarbarsa. Katakon rufin ya yi baƙi layi-layi, daidai inda haɗin yake, ɗaya daga cikin layukan kuma ya bi ta saman keken. Zanin gadon ya sha ruwa ya riƙe, ya manne da ƙarfen. Da ya ɗaga shi, teburin ya kumbura ya ɗaɗɗaye, rigunan jaririn sun yi tabon tsatsa da funfuna, kan keken ya yi ja da tsatsa. Ya kama wilin da hannu, ko motsi.

Ya kawo kananzir ya ɗura ta kowace kafa, ya goge, ya jira, ya sake ɗurawa. Ya yi ta lallashinsa kamar mai jinya. Can wilin ya ɗan gusa, ransa ya yi fari, ya ƙara ƙarfi, sai ya ji ƙas daga ciki. Ƙarfen da ke juya ƙoshiyar zare ne ya karye. Keken ya girmi Auta, an daina kawo kayansa tuntuni, mutum ɗaya da ya iya ƙera wa teloli irinsa kuwa a layin da aka rushe yake, ba wanda ya san inda ya nufa.

Duk da haka ya jingina tsani ya hau. Ruwa na kwance a kan ledar, ya taru a bakin kowane haɗi, kowace ƙusa da ɗan zoben ruwanta. To, ɗinki ya ɓaci, sai me? Sai a warware a sake, abin da ya yi duk rayuwarsa ke nan. Ya sa bakin guduma ya dinga zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, a hankali kada ya yaga. Da ya gama layi guda ya ɗaga fallen sama yana dubawa. Haske ya ɓullo ta hudoji a jere, tazara ɗaya, a miƙe sambal. Ya sa babban yatsa ya murza su, yadda yake murza yadi in ya zare zare sawun allura ya ɓace. Ya murza har yatsan ya yi zafi. Hudojin suna nan.

Kafinta na tsaye a bakin katanga, wannan karon ba dariya. "Ba ta haɗewa, mutumina. Sai dai a ɗaye duka a sa sabuwa. Sauko haka nan, kada ka faɗo."

Sabuwa don wa? Ya sauko. Ragowar ledar da ya miƙa wa Direba tana jingine a bayan ƙofa, da ɗaurin ƙyallenta yadda ya yi shi. Ya daɗe yana kallonta. Abin da ya kamata ya zauna a haɗin rufin ke nan, shi ya yanke ya naɗe ya mayar.

Ba wanda ya yi masa faɗa. Direba ya ce ƙaddara ce, Baba, kada ka sa a ranka, ya kira mai gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, ya ɗauke keken a baro, aka mayar da tayoyi sito. Baba Tela ya so a ce wani ya zage shi ko sau ɗaya.

Yana zaune a falo, kusa da gadon jaririn da aka kafa tsakanin firji da doguwar kujera, Auta ta fito tana dafa bango. Jaririn na sanye da rigar kanti, wuyan ya yi masa yawa, ɗinkin hammata har ya fara buɗewa. Idon Baba Tela ya sauka a wurin, yatsunsa suka motsa a kan gwiwa.

"Baba, riƙe min shi in watsa ruwa," in ji Auta, tana murmushi, ta ɗora masa yaron a cinya. "Tunda kai ba abin da kake yi."

"To," in ji shi.