Kafin a Yanka Mai Lamba Talatin da Bakwai

Kamil ya riga ya kunna wutar yanka ƙarfe lokacin da wani tsoho ya shigo filin, ya wuce kowa, ya tsaya gaban motar da za a yanka ya rusuna mata kamar mai gaida suruki.

Alhaji Zainul Abideen ya sauke waya daga kunnensa. Shekararsa goma sha tara yana sayen tsofaffin motocin Japan a Dubai, a raba su biyu a wannan fili na Ras Al Khor, a loda gaban da injin a kwantena, sai Ƙofar Ruwa a Kano. Ya ga masu ciniki iri-iri, amma mai gaida mota, sai yau. Ga kwantena a buɗe, ƙarfe huɗu za a rufe ta, kuma wannan farar akwalar kaɗai ta rage a yanka.

"Kamil, wannan kuma daga ina?"

"Alhaji, ni ma ganinsa kawai na yi," in ji mai yankan, mutumin zangon Kumasi.

Tsohon ya miƙa wa Alhaji wani hoto da hannu biyu. Saurayi ne cikin kayan tsere, ya jingina da mota mai lamba talatin da bakwai. Alhaji ya dubi ƙofar akwalar. Lambar tana nan, rana ta cinye rabinta.

Da guntun Turancinsa tsohon ya ce sunansa Shiraki. Da wankin tayoyi ya fara yana ɗan shekara sha bakwai, ya yi shekara ashirin da biyu yana tseren mota a Japan. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana bin sawun wannan motar daga hannu zuwa hannu.

"To, saye za ka yi? Yalla, yi sauri, lokaci na tafiya."

"A'a. Ɗakina a hawa na tara yake, ba ni da wurin ajiye ta. Minti biyar kawai nake roƙo in tuƙa ta."

Alhaji ya dubi hannuwan mutumin, rawa suke yi kamar na mai zazzaɓi. Haba! Wanda ko kofin shayi ba zai iya riƙewa ba? Sai dai baƙonka annabinka. Dama kuma al'adar filin ce a tayar da kowane inji kafin yanka, a ɗauki ƙararsa a waya a tura Kano. Alhaji ya ce wa Kamil ya kashe wuta ya haɗa batir.

Shiraki ya cire takalmansa, ya jera su a ƙasa, ya shiga da safa. Yana kama sitiyari, rawar hannun ta tsaya cak.

Filin nan cike yake da gawarwakin motoci, hanyar da ke tsakaninsu ko baro sai an lallaɓa. Nan tsohon ya afka da gudu. Ya karya kwana motar na tafiya a gicciye, bayanta ya wuce tulin ƙofofi, ko tafin hannu ba zai shiga tsakani ba. Injin ya sauya murya, ya yi sama, ya dawo. Kamil ya dafe kai yana salati. Alhaji kuwa tsigar jikinsa ce ta tashi, ya manta da wayar da zai ɗauki ƙarar. Wallahi bai taɓa sanin ƙarfe yana jin magana haka ba.

Zagaye uku, motar ta tsaya. Shiraki ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafafunsa cikin takalmansa ba tare da ya duba ba.

"Ikon Allah!" in ji Alhaji. "Baba, kofi nawa ka ci da ita?"

"Ko ɗaya." Tsohon ya shafa saman motar. "A babban tseren shekara ina gaba, saura zagaye biyu, na ji injin yana kuka. Da na matsa masa, wataƙila in ci, amma zai fashe. Sai na tsaya. Kamfani ya sallame ni, ban ƙara tsere ba."

"Ka yi nadama?"

"Kullum. Shi ya sa na zo in ji ko yana da rai." Ya yi murmushi. "Yana da rai. Na gode, ku yi aikinku."

Ya rusuna wa Alhaji, ya rusuna wa Kamil, ya nufi tasin da ke jiransa, hannuwansa sun koma rawarsu.

Direban tirelar da za ta ɗauki kwantenar ya danna hon. Kamil ya sake kunna wuta, ya kai bakinta kusa da farin fentin, yana jiran umarni. Motoci dubu nawa Alhaji ya ce a yanka ko a jikinsa? Amma ban da yau. Kunya ce ta kama shi.

"Kashe wutar nan."

"Alhaji, gurbinta a kwantena fa? Ƙofar Ruwa suna jiran inji."

"Khalas, shi ke nan, a rufe kwantenar haka."

"To, ita kuma me za mu yi da ita?"

"Wallahi ban sani ba," in ji Alhaji. "Samo tamfol ka lulluɓe ta, rana ta yi yawa."