Sabuwar Fata Ga Gangar Baba

Ranar da surukin Mawaƙi ya shigo shago rungume da gangar, Mai Fata bai ko ɗaga kai ba. Ai ko a cikin ganguna dubu zai gane ta. Babansu ne ya sassaƙa ta da hannunsa, ga tabon gizago nan a gefenta har yau.

Yayan Mai Fata shi ya kaɗa ta tun yana saurayi a bayan Mawaƙi, har furfura ta fito masa. Da ciwo ya shanye masa ɓarin dama, Mawaƙi ya zo dubiya da fuskar tausayi, ya yi addu'a mai tsawo, da zai fita ya sa aka saɓo gangar daga jikin bango. Wai ta ƙungiya ce. Ya miƙa wa mijin 'yarsa, wani ƙato mai dukan ganga kamar yana huce haushi a kanta. Tun ranar Yaya ke kwance yana kallon ƙusar da babu komai a jikinta, shi kuwa Mai Fata abin na cin ransa.

"Ta yage," in ji surukin. "Mawaƙi ya ce a yi mata sabuwar fata kafin wasan babban zaure. Mai zaƙi fa, wadda za ta tashi kan mutane."

"Za ta tashi kansu," in ji Mai Fata. "Ajiye."

Da ya fita, Mai Fata ya kwance tsohuwar fatar ya ɗaga ta a hasken ƙofa. Fata ba ta rufa wa makaɗi asiri. Hannun Yaya ya cinye tsakiya a hankali, sumul. Shi kuwa ƙaton nan gefe guda yake sara, kusa da baki, har wurin ya yi fari fat. Kuma ta yi ƙaurin rana, alamar yana shanya ganga kafin wasa don ta ɗame.

Ya zaɓi fatar akuya mai kyau, ya jiƙa, ya cire gashin. Sannan ya ɗauki wuƙa ya zauna wa wurin nan guda da ƙaton zai riƙa sara, yana kankara yana duba haske, har sai da ya ga inuwar yatsansa ta baya. Ya ɗaura, ya ja igiyoyi. Wallahi ko shi da ya taɓa ta sai da tsigar jikinsa ta tashi, don fata mai siriri akwai murya. Sai dai ba ta da tsawon rai.

Surukin ya zo, ya buga, ya washe baki har kunne. Ko godiya bai yi ba.

Ranar wasa da la'asar Mai Fata ya sa rigarsa mai kyau ya zauna a kujerar gaba. Tun a waje ya ga gangar jingine a rana, sai zuciyarsa ta yi sanyi. Zaure ya cika maƙil. Mawaƙi ya ja babbar waƙarsa, ya kai inda murya ke tsayawa ganga ta amsa ita kaɗai. Ya ɗaga hannu, ya juya yana taƙama. Ƙaton ya zage ya kai sara, sai ji aka yi ɓarak! Sandar ta shige ciki har da rabin hannunsa.

Aka yi tsit, sannan wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, zaure ya ɗauka. Daga baya wani ya ɗaga murya: "Ina mai gangar na asali? Shi bai taɓa ba mu kunya ba!" Mai Fata ya ji daɗi, daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba, kuma bai ɓoye ba.

Washegari Mawaƙi ya zo gidan da kansa, riƙe da gangar, yana huci.

"Kai ka yi min wannan!"

"Mai zaƙi kuka ce, ranka ya daɗe. Ba ku ce mai jure sara ba."

"To ga tsiyarku nan!"

Ya ɗaga gangar ya maka ta a kan siminti, ya fice. Ƙarar da ta yi ba ta fata ba ce. Mai Fata ya durƙusa ya juya ta: icen ya tsage daga baki har ƙasa, ya ratsa ta tsakiyar tabon gizagon Baba.

Haka ya kai ta ɗakin Yaya, yana jiran faɗa. Yaya ya miƙa hannun hagu, ya shafa tsagar, ya shafa yagaggiyar fatar, ya murza bakinta tsakanin yatsu. Ya gane komai.

"Sun yi wa Mawaƙi dariya?" ya tambaya da karkataccen bakinsa.

"Har da hawaye, Yaya."

"Sosai?"

"Sosai."

Yaya ya lumshe ido, ɓarin fuskarsa mai rai ya yi murmushi.

"Ba za ta ƙara magana ba," ya ce. "Amma ba za ta ƙara yi masa ba. Rataye min ita."

Mai Fata ya mayar da ita kan ƙusarta, ya juya tsagar ta fuskanci bango.