Ƙahon da Bai Bar Tabo Ba

Da aka cire wa jikata Ilham idon dama a Yawunde, tun kafin su iso Garwa gidanmu ya gama yanke hukunci: ciwon daga dangin uwarta ne. Balkisu 'yar Mayo-Oulo ce, ba ta da mai tsaya mata a nan, sai maganar ta zauna.

Ni takardar likita na karɓa daga hannun ɗana Zaharaddin, uban yarinyar. Shekara talatin na koyar da ilimin halittu a sakandare, Faransancin asibiti ba ya razana ni. Takardar ta ce wani gutsure ya ɓace daga kromozom na sha uku, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gadon halitta, kuma ba a cikin ƙarin da ya fito mata a ido kaɗai ba, har a jinin yarinyar. A gutsuren nan ƙwayar gadon da ke taka wa ƙwayoyin ido birki take, kada su yi ta hayayyafa. Kowa da birki biyu ake haihuwarsa, na uwa da na uba. Ilham da ɗaya ta zo. Da shi ma ya lalace, sankara ta sami hanya. Takardar ba ta faɗi na wa ya ɓace ba. Mutanen gidanmu ne suka cike wurin.

Abin da ya dame ni shi ne, matar autana Hayatu ta haihu sati uku da suka wuce. In daga wajen Balkisu ne, jaririn ba ruwansa. In daga wajenmu ne, kowane sati da ya wuce ba a duba shi ba idonsa ake kasada da shi.

Marigayi mijina Abdulbaƙi ido ɗaya gare shi. Duk mahautan Garwa sun san labarin: yana ɗan shekara bakwai bijimi ya tsinke igiya a mayanka ya soke shi. Shekara arba'in na yi ina kallon fuskar nan, sai yanzu na tambayi kaina, ina tabon? Na sha ganin mahautan da ƙaho ya taɓa, fata ba ta mantawa. Shi kuwa fatar idonsa sumul take, kamar an rufe ta da hannu.

Na tafi wajen yayarsa Dudu, ita kaɗai ta rage a 'yan uwansa. Na same ta da hantsi tana tsince shinkafar Yagoua a faifai.

"Amarya, yau kuma? Ko wani ne ya mutu?" Na haura saba'in, amma har gobe amarya nake a wurinta.

"Lafiya lau, Yaya. Ranar bijimin nan, kina wurin?"

"Ina wurin mana. Ni ce ma na goya shi har asibitin mishan, yana ta kukan nono a bayana."

"Ɗan shekara bakwai da kukan nono?"

Ta ci gaba da tsinta. "Boko dai bai bar ki ba."

"Bai bar ni ba. Me ya kai yaron da ba a yaye ba gaban bijimi?"

"Wanda ke ƙasa kike tonowa, ki ji tsoron Allah."

"Jaririn Hayatu nake tonowa, Yaya, shi yana sama."

 Ta ajiye faifan.

"In fitila ta haske shi, idon yana walƙiya fari kamar na kyanwa. Baturiyar likita ta ce a cire, ko ya kashe shi. Da muka dawo Baba ya tara mu ya ce ƙaho ne. Wa zai sayi nama a hannun wanda ake cewa gidansa da mugun ciwo? Ƙaho kuwa ado ne ga mahauci. Da ya girma shi ma ya yarda, har kalar bijimin yakan faɗa."

Daga nan gidan Hayatu na zarce. Na tarar ya dawo daga kara, kasuwar shanu, yana wanke ƙafa.

"Inna, mai jego ba ta yi arba'in ba, ina za ta fita? Kuma ni da Yaya Zaharaddin idonmu garau."

"Garau ɗin ne ya ruɗe ku. Mutum na iya ɗauke da birki ɗaya har ya tsufa bai sani ba, ya miƙa wa ɗansa. Mai jegon ta zauna. Ni zan riƙe shi."

"Yanzu duk labarin Baba ƙarya ne?"

"Tambayi goggonka. Amma sai mun dawo. Ɗauko mota."

Likitar ido, Dokta Chantal, ta karanta takardar Ilham, ta saurari labarin ƙahon ba ta yi dariya ba. Ta ɗiga wa jaririn magani, muka jira ƙwayar idon ta buɗe, sannan ta ɗaura fitila a goshi ta sunkuya. Ta gama da na dama da sauri. A na hagu ta daɗe, har Hayatu ya fara salati ƙasa-ƙasa.

"Akwai ɗigo," in ji ta. "Bai kai ƙwayar gero ba. A Yawunde za su ƙona shi da haske, ina sa ran ba sai an cire idon ba. Amma cikin satin nan."

Hayatu ya zauna a kan benci, ya cire hula.

"Na daman fa?" na tambaye ta.

"Babu komai, Mama."

"Yau dai babu."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Yau dai. Duk wata za a riƙa dubawa."

"To rubuta haka a takarda, da kwanan wata. In baki ne, kafin mu kai gida an mayar da shi wani abu."

Ta rubuta. Na karanta sau biyu, na gyara wa jaririn zani, na ce wa Hayatu ya tashi ya nemo mana jirgin jibi.