Gwangwanin Fulogin Auta

Su huɗu ne a gidan: Baba tela, Mama malamar firamare, Kawu ƙanen Mama da ke ɗakin waje, sai Auta 'yar shekara goma sha ɗaya. Suna da ƙaton babur na tafiyar nesa, mai akwatuna biyu a gefe da kujerar baya mai majingina. Abin da babur ɗin ya rasa shi ne ƙarfin hawan tsaunukan hanyar gidan Kaka da mutum biyu da kaya.

Baba ya yi wa Auta alkawarin hutun bana da ita za a je. Mama kuwa ta kafa sharaɗi: sai babur ya hau tudun bayan gari ɗauke da buhun yashi mai nauyin 'yarta, ya dawo lafiya.

Kawu ya ce abu ne mai sauƙi, salansar asali ce ta shaƙe injin. Suka ɗaura wata mai faɗin baki, suka sa buɗaɗɗiyar matatar iska. Da aka tayar, har gilashin shagon ɗinki ya yi rawa, Baba yana ta murmushi. Amma ranar gwaji, a tsakiyar tudu injin ya ɗau zafi, ya yi ta tari yana harbi. Baba ya dawo a hankali, gumi sharkaf. Mama ta miƙe. Hular kwanon Auta kawai ta ɗauka ta ɗora a saman kabad.

Auta tana da wata al'ada: duk fulogin da Baba ya cire ya yar, sai ta tsince shi ta adana a gwangwanin madara. Da yammar nan ta tsinci biyun da ya cire, ta ga bakinsu fari fat kamar alli, alhali na da duk launin shayi da madara ne. Ta nuna wa Kawu, ya yi dariya ya ce ai fari tsabta ce, ya kira ta sarauniyar shara.

Washegari suka kai babur garejin wani dattijon bakanike da ake kira Mai Kunne. Auta ta bi su rungume da gwangwaninta. Kawu na cewa a ƙaro salansa mafi girma, Baba na cewa a mayar da tsohuwar a huta, dattijon kuwa gwangwanin yake kallo. Ya karɓa, ya jera fulogan a kan benci, ya tambaya wa ya lura da bambancin. Auta ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Kun buɗe masa hanci, kun buɗe masa mafita, kuka bar shi da ɗan abincinsa na da," in ji shi. "Farin nan yunwa ce. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan."

Ya ce sai an haɗa da 'yar na'urar da ke daidaita mai. Salansa kuma ya fito da guda biyu, ya ce wadda za ta zauna a kanta awa shida ita za ta zaɓa. Auta ta saurari kowacce, ta zaɓi mai gurnani ƙasa-ƙasa. Kawu ya ce wannan ai keken ɗinki ce.

"Keken ɗinkin ne ke ciyar da kai," in ji Baba.

Sau uku aka saita na'urar. Kowane karo Baba ya zaga da babur, a ciro fulogi, in ya huce a miƙa wa Auta. Na farko ya fito baƙi, mai ya yi yawa. Na biyu da sauran haske. A na uku ta daɗe tana gwada shi da tsohon nata.

"Oga, ya yi?" in ji Mai Kunne yana duban Auta.

"Ya yi," in ji ta.

Da la'asar babur ya haye tudun da buhun yashi ko tari bai yi ba. Baba ya ba Mama labari tun daga ƙofa, kuma kusan duk labarin na gwangwani ne. Mama ta hau kujera ta sauko da hular, ta goge ta da gefen zanenta. Kawu ma ya ce dama shi ya san yarinyar nan da ido.

Ranar tafiya Auta ta zauna a baya, ta miƙe wuya, gurnanin da ta zaɓa yana tashi a ƙarƙashinta. Ta gane cewa ƙarfin inji ba a ƙararsa yake ba, sai iska da mai da mafita sun zo daidai, kuma ita ma ta iya duba hakan.